Lamba Ɗaya, Mata Biyu

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Lokacin da ya kama aiki, yana saurayi siriri wanda wuyan rigarsa ya fi wuyansa faɗi, Ɗan Kati ake ce masa. Da ya yi aure ya ajiye iyali aka koma Malam Kati. Furfura na fitowa ya zama Baba Kati, a nan kuma sunan ya tsaya, har jikokinsa ma haka suke kiransa in suna jin tsokana.

Ba don yana so ya faɗa aikin ba. Burinsa ya yi karatu mai zurfi, sai mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne huɗu da uwa mai ciwon ƙafa. Wani maƙwabci ya ga kyan rubutunsa ya kai shi asibitin, aka ba shi biro da babban littafin rajista, aka nuna masa ɗaki. Ɗakin dogo ne matsattse, taga ɗaya gare shi mai sandunan ƙarfe, ta nan marasa lafiya suke miƙo ɗan katinsu. Kantocin katako ne dama da hagu tun daga ƙasa har rufi, cike da fayil. Akwai tsani mai girgiɗi, da fanka mai kuka kamar ana yi mata dole, da kujerar da ya ɗaure wa ƙafa da waya ya ƙi yarda a canja masa. In ka daɗe a ciki sai ka fita da warin tsohuwar takarda a rigarka. Matarsa ta ce ko a cikin taro ta rufe ido za ta gane shi da hanci.

Abin da Allah ya hore masa shi ne riƙo. Mace za ta zo tana lalube a jaka, ta ce kati ya ɓata, shi kuwa sai ya leƙo ta saman tabarau.

"Ba ke ce kika kawo yaro ya haɗiye maɓallin riga ba? Dubu biyu da ɗari da sha huɗu. Zauna, ga shi nan zuwa."

Kafin ta rufe baki ya hau tsani ya sauko da fayil. Mutanen da ke layi su yi ta mamaki, shi kuma ya haɗe rai kamar bai ji ba, alhali daɗi ya cika shi har wuya. Ba shi da mota, ba shi da gida mai bene, amma ya san babu wanda zai iya abin da yake yi, kuma wannan ya ishe shi taƙama.

A shekararsa ta goma sha biyu aka rufe wani ƙaramin wurin shan magani da ke bayan kasuwa, aka haɗe marasa lafiyarsa da na asibitin. Aka kwaso fayil ɗinsu a kwalaye aka jibge masa. Da ya buɗe sai ya ga matsala: su ma daga ɗaya suka fara ƙirga lambobinsu, kamar yadda shi ma ya fara. Wato lamba ɗari biyar tana da mai ita a nan, tana da mai ita a can. Abin da ya kamata shi ne ya ba baƙin sababbin lambobi, ya sake musu kati, ya gyara fayil ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi kwalayen, ya dubi layin da ke taga, sai ya aika aka sayo masa jan biro. Duk fayil ɗin da ya zo daga bayan kasuwa ya ɗiga masa ja a gefen lamba, ya jera shi kusa da takwaransa. Akwai mai ɗigo, akwai marar ɗigo, shi ke nan. Dabarar ta yi aiki shekara da shekaru, saboda dalili ɗaya: ba ya fashi. Ranar Asabar ya aurar da babbar 'yarsa, Litinin da ƙarfe bakwai yana bakin taga.

Yana da shekara ashirin da bakwai a aiki aka kawo kwamfuta. Wadda ta zo haɗa ta wata mace ce 'yar kimanin talatin, mai ƙaramar murya da jakar goyo, kowa na ce mata Injiniya. Ta gaishe shi da ladabi, ta jawo benci ta zauna kusa da shi, ta ce ya nuna mata yadda yake aiki.

"Baba, da me kake bambanta mutum da mutum?"

"Da ido," in ji shi.

Ta yi dariya. "To ita wannan ba ta da ido. Ka ga littafin rajistarka? Haka cikinta yake. Kowane mutum layi ɗaya, kowane layi da gidajensa: suna, shekaru, unguwa. Amma dole a sami gida ɗaya wanda abin da ke cikinsa na mutum ɗaya ne tak, ba ya tarayya da kowa. Mu a wurin aikinmu makulli muke ce masa, don da shi ake buɗe layin mutum. Suna zai yi?"

"Ina!" Ya kaɗa kai. "Akwai sunan da mata goma sha tara ke amsawa a ɗakin nan, har sunan uba ɗaya."

"Lambar waya fa?"

"Miji da mata da uwar miji duk waya ɗaya. Gobe kuma a sace ta a canja layi."

"Ashe kai ka fi ni sani. Saura lambar kati. Sharaɗinta uku ne: kada a bar gidanta wayam, kada mutum biyu su haɗa ta, kuma ba a canja ta, ba a ba wani ita ko da mai ita ya rasu. Zan sa mata sakata. Duk wanda ya zo shigar da lambar da ke da mai ita, na'urar za ta ƙi karɓa, ko da babban likita ne."

Ya ce madalla. Maganar ɗigon ja ta zo masa har bakin harshe, ya haɗiye ta.

Ba a yi kwana uku ana shigar da sunaye ba na'urar ta fara turjewa. A buga lamba, ta fito da jan rubutu cewa wannan tana da mai ita. A tsallake a buga wata, can gaba ta sake ƙi. Ranar Laraba ta mako na biyu Injiniya ta shigo da takardu a hannu, shafi tara.

"Baba, lamba ɗari huɗu da goma sha biyu, kowacce mutum biyu."

Ya nuna mata ɗigon. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce dabara ce mai kyau a zamaninta, amma ɗigo ba ya bin lamba zuwa ɗakin likita, ba ya bin kwalbar jini zuwa wurin gwaji. Abin yi shi ne a ba masu ɗigo sababbin lambobi, a neme su a canja musu kati. Ta ƙiyasta aikin wata biyu zuwa uku.

Manajan asibitin ya ji haka ya dafe kai. Aikin Injiniya Juma'a zai ƙare, shi kuma ya riga ya sanar cewa Litinin za a fara aiki da kwamfuta. Ya tara su a ofishinsa, ya juya wajen dattijon.

"Baba Kati, kai ne mai ɗakin. Me ka gani?"

Daga baya ya sha komawa kan wannan tambaya. Ba a matsa masa ba, ba a tsawata masa ba, tambayarsa aka yi. Amma a lokacin abin da kunnensa ya ji shi ne, yarinyar da ko makaranta ba ta shiga ba sa'ad da ya fara hawa tsani tana cewa shekara goma sha biyar yana kan kuskure, a gaban manaja.

"A cire sakatar," ya ce. "Ni ne sakata. Duk na san su, mai ɗigo da marar ɗigo. A hankali zan gyara."

"Baba, ranar da ba ka nan fa?" Ta faɗa a hankali.

"Yaushe kika taɓa jin ba na nan?"

Manaja ya yi dariya, ya ce magana ta ƙare. Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta koma ta cire sakatar daga kan lambar kati. Don kada jadawalin sunayen ya zauna ba makulli, ta sa na'urar ta riƙa ba kowane layi wata lamba tata ta ciki. Sai dai wannan lambar ba mai ganinta. Likita da mai ba da magani da masu gwajin jini duk lambar kati suke bi. Ranar da za ta tafi ta damƙa masa shafuka taran.

"Ka yi mini alkawari, ko biyar-biyar ne a rana. In ka gama ka kira ni, minti goma ya ishe ni in mayar da ita."

Ya yi alkawari, kuma har ga Allah da niyyar cikawa ya yi. A watan farko ya gyara talatin da ɗaya. Sai aka shiga watannin zazzaɓi, layi ya kai bakin ƙofa. Sai ƙaninsa ya kwanta jinya. Sai aka yi ta cewa gobe. Takardun suka koma aljihun tebur, aka ɗora musu kwalin biro, aka ɗora wa kwalin tsohuwar kalanda. Sau uku a cikin shekara biyu sakamakon gwaji ya zo da lambar da ke da mutum biyu, sau ukun yana kamawa nan take ya kai wa mai shi. Maimakon hakan ya tsorata shi, sai ya ƙara masa ƙarfin gwiwa.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne idonsa. Yanar ido ta fara rufe na dama, ta kama hanyar na hagu. Ya yi ta ɓoyewa, yana kusantar da takarda har hanci, sai da ya zuba wa kansa gishiri a shayi a gaban babbar 'yarsa.

"Baba, wallahi ko ka je da ƙafarka ko in sa a ɗauke ka," ta ce. "Asibitin nan ba zai rushe don ka yi mako uku a gida ba."

Aka sa ranar yi masa aikin ido. Wadda za ta riƙe masa ɗakin wata ma'aikaciya ce daga teburin karɓar baƙi, mace mai natsuwa da ake kira Maman 'Yan Biyu. Ya kwashe yini guda yana nuna mata komai: matakin tsanin da ba a takawa, yadda ake lallaɓa fanka, inda ake ajiye sababbin katuna. Takardun da ke ƙarƙashin kalanda ne kawai bai ciro ba. Kunya ta hana shi, kada ta ga aikin da ya kwana shekara biyu. Sai da ya rataya jakarsa ya kai bakin ƙofa ya waiwayo.

"In kika ga lamba ta fito da mutum biyu, ki duba da kyau."

"To, Baba. Allah ya ba da lafiya."

A mako na biyu na hutunsa mata biyu suka zo asibitin, ɗaya Litinin ɗaya Laraba, ba su san juna ba. Ta farko mai ɗinki ce, ta zo da zazzaɓi. Ta biyu malamar firamare ce, ta zo da kasala da ciwon jiki da ciwon kai da ya ƙi tafiya. Dukansu sun ɗan haura arba'in. Dukansu aka ɗebi jininsu aka aika wurin gwaji na waje, wanda ba ya rubuta komai a kan sakamako sai lambar kati. Lambarsu kuwa ɗaya ce, dubu uku da saba'in da shida. Ranar Juma'a takardu biyu suka dawo a tare. Maman 'Yan Biyu ta buga lambar, mutum biyu suka fito. Ta duba da kyau kamar yadda aka ce mata, ba ta ga abin da zai raba su ba, sai ta sa takardar sama a layin sama, ta ƙasa a layin ƙasa.

Aka ce wa mai ɗinki ƙodarta ta fara lalacewa, ta hanzarta zuwa babban asibiti. Aka ce wa malama jininta lafiya lau, gajiyar aiki ce, aka rubuta mata maganin ciwon jiki ta riƙa sha in ya motsa.

Baba Kati ya dawo da ido tangararan, yana ba'a cewa ashe bangon ɗakinsa shuɗi ne bai sani ba. Wata biyu bayan haka mai ɗinki ta zo karɓar wa mijinta kati, ta dafa sandunan taga tana surutu.

"Baba, kun kusa kashe ni da tsoro! Kwana goma ban iya cin abinci ba, har na raba wa 'ya'yana kekunan ɗinkina. Na je babban asibiti aka sake gwaji sau biyu, aka ce ƙodata ta fi ta likitan ma lafiya. Ku canja masu gwajin nan naku."

Mutanen layi suka yi dariya. Shi ma ya murmusa, amma wani abu ya ɗan soke shi a ƙirji. Ya san lambarta, ya san mai ɗigo ce, ya san wadda ke kusa da ita a kan kanta. Kwamfutar tana gabansa, hannunsa na kan tebur. Sai wani tsoho a bayanta ya fara tari yana miƙo kati, wata mai goyo ta ce tun safe take tsaye.

"Allah ya kiyaye gaba," ya ce wa mai ɗinki. "Na gaba!"

Ya ce a ransa in layi ya ragu zai duba. Layi ya ragu wajen ƙarfe biyu, ya fita cin abinci, abin ya fita daga kansa. Ko kuwa shi ya bar shi ya fita, har yau bai iya rantsuwa a kan ɗaya ba.

Wata bakwai suka ƙara wucewa. Wata safiyar Talata wani mutum ya shigo riƙe da matarsa, fuskarta a kumbure, ƙafafunta sun ƙi shiga takalmi, tana numfashi sama-sama. Baba Kati ya san ta sarai. Ita ce malamar da takan ce masa rubutunsa ya fi na duk malaman makarantarsu, ya zo ya koya wa 'yan aji uku. Mijin ya miƙo kati. Dattijon ya ga lambar, dubu uku da saba'in da shida ce.

Bayan an shiga da ita ya jawo ƙofar taga ya rufe, abin da bai taɓa yi ba da rana. Ya buɗe layukan biyu a kwamfuta. Ya hau tsani ya sauko da fayil biyu, ya shimfiɗa takardun gwajin a kan tebur. A can ƙasan kowacce, da ƙananan haruffa, akwai ranar da aka karɓi kwalbar. Ta mai ɗinki Laraba aka rubuta, alhali Litinin ta zo. Ta malama kuwa Litinin. Ya zauna a kan kujerarsa, fankar tana ta kukanta, ana ƙwanƙwasa taga bai ji ba.

Da zai iya mayar da takardun ya yi shiru, ba wanda zai taɓa ganewa. Ya yi wannan tunanin, ba zai ce bai yi ba. Amma ya tattara su, ya ɗaga tsohuwar kalanda ya ciro shafuka taran, ya nufi ofishin likita.

Likitan ya karanta, ya cire tabarau, ya murza ido.

"Likita, ka gaya mini gaskiya," in ji Baba Kati. "Da an ba ta takardarta a lokacin, da ta warke?"

"Ba zan ce maka da ta warke ba. Irin wannan ciwon ba ya komawa baya. Amma da mun rage masa gudu. Kuma da ban rubuta mata maganin ciwon jikin nan ba, don shi kansa yana cin ƙoda. Wata tara tana sha."

Manaja ya so a kashe maganar a cikin gida, ya fara neman ɗora wa Maman 'Yan Biyu. Matar tana tsaye tana hawaye. Baba Kati ya ce a'a, ba ruwanta, abin da aka ba ta ta yi aiki da shi, wanda aka ɓoye mata kuwa ga shi nan shafi tara a kan tebur. A ranar aka kira Injiniya.

Ya yi zaton za ta ce ai na gaya maka. Ya ma fi son ta faɗa. Ta zauna a bencin nan dai, ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Baba, kai ka ce a cire, amma hannuna ne ya cire. Na san abin da ake sa ta dominsa. Da na ce ba zan yi ba, iyaka a fasa ba ni aiki."

Mako bakwai suka yi, shi da Maman 'Yan Biyu. Suna bin masu ɗigo ɗaya bayan ɗaya, wasu ta waya, wasu sai ya bi unguwa da ƙafa bayan an tashi aiki yana tambayar gida. Wasu sun rasu, wasu sun ƙaura, wani tsoho ya ce shi ba zai rabu da lambarsa ba don da ita aka haifi 'ya'yansa duka, sai da aka lallashe shi. Aikin da ya yi ta gudu shekara goma sha takwas, ashe mako bakwai ne. Ranar da suka gama Injiniya ta zo, ta ɗan danna abin da za ta danna, ta ce ya gwada. Ya buga lambar da ya san tana da mai ita. Jan rubutu ya fito, na'urar ta ƙi. Ko minti goman ba a cika ba.

Saura malama. An mayar da ita babban asibiti, an fara yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako. Likita ya riga ya shaida wa mijin cewa an sami musanyar takarda, bai faɗi ta hannun wa ba. Baba Kati ya yi kwanaki yana juyi, abinci ba ya shiga. Matarsa ta dube shi wata safiya yana juya cokali a kofi.

"Malam, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Tashi ka je."

Ya je ranar Asabar da hantsi. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Malama tana kishingiɗe a doguwar kujera, ta rame har ya kusa kasa gane ta, hannunta na hagu a naɗe. A kan tebur akwai tarin littattafan yara da ba a duba ba, ƙura ta fara hawa na sama. Mijin ya ba shi kujera ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba Kati da kansa? Lallai yau na yi babban baƙo," ta ce tana ƙoƙarin murmushi.

Ya gaishe ta da jiki. Sannan ya sunkuyar da kai ya faɗa mata duka, bai rage ba: jan biro, da maganar da ya yi a ofishin manaja, da takardun da ya danne da kalanda, da ranar da mai ɗinki ta tsaya a tagarsa. Wannan na ƙarshe ya fi yi masa wuyar fita. Da ya gama sai ta dube shi.

"Wato tun wata na biyu ka ji a jikinka," ta ce.

"Na ji."

"Ni kuwa lokacin ina ta shan maganin nan safe da yamma, ina cewa raggwanci ne ya kama ni. Har faɗa nake yi wa kaina in na kasa tsayuwa a gaban allo."

"Malama, ki yafe mini don girman Allah."

Ta juya ta dubi littattafan da ke kan tebur.

"Ban ce na ƙi ba, Baba. Amma yau na ji. Ka ba ni lokaci."

Ya ce to. Mijin ya raka shi har bakin titi, da mota ta tsaya ya ce, "Ka gaida gida."

Shekara ɗaya bayan haka ya ajiye aiki. Aka yi masa ɗan taro a harabar asibiti, aka ba shi agogon bango, manaja ya yi jawabi ya ce ba a taɓa samun mai riƙo irinsa ba. Aka tafa. Shi dai ƙasa yake kallo. Maman 'Yan Biyu ce ta gaji ɗakin.

Ya ji labarin malama ta bar koyarwa, sun koma gidan yayanta kusa da babban asibiti don sauƙin zirga-zirga. Yana da lambar mijin a waya. Sau da yawa yakan nemo ta ya zuba mata ido, sai ya ce ita ta nemi lokaci, ba shi zai yanke mata ba. Sau ɗaya ya sa kaya ya kai har tashar mota, ya ga kamar zuwan nasa roƙo ne a wurin marar lafiya, ya juyo gida. Matarsa ta gan shi ya shigo, ba ta tambaye shi ba, ta ɗauke masa takalmi daga rana.

Maman 'Yan Biyu ce ta kira shi wata Alhamis, shekara biyu da rabi bayan ziyarar, ta ce Allah ya yi wa malama rasuwa. Ya je gaisuwa washegari. Ya zauna a gefen tabarma cikin mutanen da ba su san shi ba, yawancinsu malamai ne da iyayen yara, suna ta faɗin kirkinta. Mijin ya gane shi, ya miƙo masa hannu, ya amsa gaisuwarsa kamar yadda ya amsa ta kowa. Tambaya ɗaya ce ta kawo Baba Kati, ko ta taɓa ambatonsa, ko ta bar wata magana. Ya riƙe hannun mutumin ya ɗan daɗe, ya ga idanunsa sun yi ja, ga wasu na jira a baya. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya saki.

Bai hau mota ba. Da ƙafa ya koma gida, tafiyar fiye da awa ɗaya, ya iso ana kiran la'asar. Jikarsa ta tare shi a ƙofa da littafinta, wai ya duba mata lissafi. Ya ce ta bari ya sha ruwa tukuna.